Fuskar Farfesa

Farfesa ake ce masa a unguwa, ko da yake ba wanda ya san jami'ar da ta ba shi sunan. Asalinsa mai fentin gidaje ne. Da ya faɗo daga tsani ya gurɗe ƙugu, surukinsa ya tausaya ya ba shi aron garejin mota. Shi kuwa ya rataya allo a ƙofa: makarantar koyon zane ta al'umma. Al'umma ta kawo bencuna da fenti da fanka. Shi ya kawo baki.

Darasinsa ɗaya ne. Ya hau kujera, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Ku zana ni." Shekara da shekaru haka, har allon kowane shagon aski a layin ya koma fuskarsa, don ita kaɗai ɗalibansa suka iya zanawa. Duk baƙon da ya leƙo sai ya sha tarihi, wai manyan ayyuka ya bari ya sadaukar da kansa. Tsani dai ba ya cikin labarin.

Ana nan sai wata tela ta shigo, uwar 'ya'ya, tana son koyon zana samfurin riga. Ya ce ta fara da fuska tukuna. Ta dube shi da kyau, ta zana abin da ta gani: sanƙon, giɓin, da tumbin da maɓalli ke riƙe da ƙyar.

Ya ɗaga takardar. "Wane ne wannan?"

"Kai ne mana, Baba."

"Ɗalibaina ba haka suke zana ni ba!"

"To ni wanda ke kan kujera na gani," in ji ta.

Wani a bencin baya ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Farfesa ya kore ta, ya ce har abada. Ta naɗe takardarta ta fita.

Sati bai zagayo ba ɗalibai suka fara sulalewa zuwa shagonta. Ta faɗa musu ita ba ta iya koyarwa ba, amma ta bar su suna zana almakashi, kyanwar maƙwabta, duk abin da ransu ya so. Suruki ya ga gareji wayam, ya maido da motarsa.

Yanzu Farfesa wurin mai gyaran takalmi yake wuni, yana shaida wa duk wanda ya tsaya cewa shagon telar reshen makarantarsa ne. Da aka kai mata labari, ko kai ba ta ɗaga daga keken ɗinki ba.

"A gai da shugaba," ta ce.