Ƙishin Turakun Gidanmu

Ranar da ƙofar gidanmu ta ƙi rufuwa, Mama ta ce sanyi ne ya kumbura katakon. Da dunƙulen cuku ya gangaro daga tebur da kansa, ya ratsa ɗaki har ya daki murhu, sai ta ce mage ce. Mu da ba mu da mage! Sai da bango ya tsage, yatsa na shiga, sannan hukumar garinmu Gouda ta ce in gidan bai daina nutsewa ba, za a kai Mama gidan tsofaffi. A ɗakin sama na gidan nan aka haife ta. Ta ce sai dai a fitar da ita a akwatin gawa, ni kuwa hankalina ya tashi, don na san halinta.

Suka turo mana injiniya, wata doguwa mai suna Sietske. Da ni da yayana Teunis muka bi ta zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin gidan. Teunis a gidan famfon da ke zuƙe ruwa daga gari ya yi aiki har ya tsufa, shi ruwa abokin gaba ne, ko a faranti ya gan shi sai ya goge.

Sietske ta sa aka haƙa rami a gindin bango har aka kai kan turakun iccen da ke ɗauke da gidan. Ta soka wuƙa a kan ɗaya, wuƙar ta shige kamar a dafaffen dankali. Ta zura sanda cikin ramin, ta fito a bushe ƙamas.

"Ina ruwanku ya tafi?" in ji ta. Sai ta kasa kunne. "Ƙarar mene ne wannan?"

Teunis ya buɗe wani ƙaramin akwati yana washe baki. "Injina ne na zuƙe ruwa! Ni na haɗa wa Mama, shekara da shekaru ke nan. Danshi ke sa mata ciwon gwiwa, shi ne na ce wallahi ko ɗigo ba zai kwana a gidan nan ba."

"Baba, ka kuwa cika alkawari," in ji Sietske. "Turakun nan a cikin ruwa kakanninku suka kafa su. Muddin ruwa ya rufe su, ba sa ruɓewa. Kai ka zuƙe shi, iska ta same su."

Na juya kansa. "Yaya! Kai da ka ƙare rayuwarka kana hana gari nutsewa, ashe gidan uwarka ka zo ka nutsar?"

Fuskarsa ta yi ja wur, sai kuma ya ba ni tausayi.

"Akwai sauran lafiyayyen icce a ciki," in ji Sietske. "In ruwa ya dawo da wuri, wataƙila su riƙe." Ta manna siririn gilashi a kan tsagar bangon, ta ce in hunturu ya wuce bai fashe ba, gidan ya tsaya, Mama ta zauna.

Kai, zo ka ga gudu! Teunis ya fizge wayar injin kamar ta zage shi. Ya hau tsani ya karkato indararo, ya juyo da ruwan rufi cikin gindin gidan. Maƙwabta, da yake bango ɗaya muke, su ma suka juyo da nasu. Mai gidan burodi, Wiebe, ya leƙo yana ihu: "Jama'a ku fito! Teunis na shayar da gida! Ko a kawo masa cokali?"

"Kawo bokiti, sarkin surutu!" in ji Teunis.

Ya kuwa kawo. Layi muka yi tun daga bakin korama, bokiti na bin hannu, muna jiƙewa muna dariya kamar yara. Sietske ta ce bokitin namu ba wani abin kirki zai ƙara ba, amma wa ya saurare ta? Daga ranar, da hadari ya haɗo, Teunis ke fara fitowa titi ba laima, yana ɗaga hannu sama yana cewa, "Ƙara! Ƙara mana!" Kullum da safe kuma sai na ruga na duba gilashin.

Wata safiya, ƙanƙara ta fara narkewa, muka ji Mama ta ƙwala kira daga sama. Muka hau a guje. Tana zaune bakin gado, ta dafe gwiwoyi biyu, tana dariya har da hawaye.

"Teunis! Sun dawo da ciwo! Tun asuba suke sara!"

Muka gangara ɗakin ƙasa har muna ture juna. Sanda ta fito a jiƙe sharkaf, gilashin kuwa ko ƙyas. Na rungume Teunis ina tsalle, ni da nake da jikoki.

Da muka koma sama, ya durƙusa gabanta. "Mama, ciwon fa? Haka za ki yi ta fama?"

Ta kama kunnensa ta murɗe. "Ka bar mini abina. In ka sake warkar da ni, sai na karya ka. Tashi ka ɗora mana gahawa."