Ɗakin Sanyin Ummu Nidal

Shekara bakwai ke nan farantan sola shida suna kan rufin gidan Ummu Nidal, a wani ƙauye da ke gangaren duwatsun Ajlun. Tun tana koyarwa a makarantar 'yan mata aka kafa su, lokacin kamfanin lantarki yana sayen rarar wuta da farashi mai tsoka. Mijinta, Abu Nidal, tsohon soja, yana ji da wannan yarjejeniya kamar shi ya rubuta ta.

Abin da ya hana ta sakat shi ne ɓaure. Bishiya arba'in gare su a bayan gida, ɓaure kuwa ba ya kwana biyu a zafin Agusta. Abu Hammam dillali ya san haka sarai. Sai la'asar sakaliya yake shigowa da motarsa, ya ɗaga akwati ya shinshina, ya yanka farashin da ya ga dama. Bara ta yi masa gardama, ya ja motarsa ya tafi. Washegari awakin maƙwabta suka cinye akwati tara.

Tun daga ranar ta ƙudura sai ta mai da ɗakin ajiyarsu na ƙasa ɗakin sanyi. Mai haɗa sola ya zo ya auna, ya ce sai an ƙara faranti goma sha biyu.

Ta shirya ta tafi ofishin kamfanin a Irbid. Wadda ta tarar a kan tebur tsohuwar ɗalibarta ce, Rawan. Ta miƙe ta sumbaci kumatunta, ta aika aka kawo gahawa, sannan ta duba takardun. Fuskarta ta canza.

"Ustaza, gara in faɗa miki tun kafin ki sa hannu. Kika ƙara ko faranti ɗaya, tsohuwar yarjejeniyar ta mutu. Tsofaffin da sababbin duk sabon farashi za su koma, bai kuwa kai rabin na da ba."

"Har shidan da suka tsufa a kan rufina?"

"Har su, Ustaza. In ni ce, ba zan taɓa ba."

Ummu Nidal ta naɗe takardun ta koma gida. Da ta faɗa wa mijinta, ya ajiye kofin shayinsa.

"Ana biyanmu muna kwance, ke kuma ki je ki tsinka da hannunki? Maƙwabcinmu Abu Fawwaz har gobe cizon yatsa yake da bai shiga yarjejeniyar a lokacinmu ba."

"Abin da kamfani ke ba ka kuɗin shayi ne," in ji ta. "Na nama kuma Abu Hammam ke tafiya da shi kowace shekara, kana ɗaga masa hannu."

"Ni dai na faɗa. Ki rubuta ki ajiye."

Kwana huɗu tana juya maganar. Abin da ta gano ba wani mai zurfi ba ne: farashi ya faɗi ne ga mai sayarwa, ita kuwa ba sayarwa za ta yi ba. Injin sanyi ya fi jan wuta da tsakar rana, daidai lokacin da farantan ke kan ganiyarsu. In aka lulluɓe bangon da kyau, sanyin rana zai kai su safiya. Ta koma Irbid ta sa hannu, Rawan tana kallonta kamar wadda ke sayar da gonar gado.

Aka kafa farantan a watan Mayu. Takardar wuta ta farko da ta zo, Abu Nidal ya ga kuɗin da kamfani ke biyansu ya ragu sosai. Ya danne ta da kwanon zaitun a tsakiyar tebur, ta kwana uku a wurin.

Agusta ya shigo, ɓaure ya nuna. Rannan da la'asar sai ga Abu Hammam, ya leƙo ta tagar mota.

"Hajiya, nawa muka samu yau?"

"Akwati ashirin."

Ya faɗi farashinsa, ƙasa ma da na bara.

"Allah ya ba da kasuwa, Abu Hammam. Ka sauka lafiya."

Ya yi dariya. "Awakin unguwar nan suna miki addu'a, wallahi."

Ya tafi. Ita kuwa ba ta taɓa gwada ɗakin da kaya masu yawa ba. Kwana uku tana sauka tana latsa ɓaure ɗaya ɗaya, tana jiran ta ji ya yi laushi. Bai yi ba. A rana ta biyu maƙwabciyarta Ummu Fawwaz ta kawo nata akwatunan tana 'yan kame-kame, wasu mata huɗu suka biyo bayanta. Da kaya suka taru, Ummu Nidal ta kira wani mai shagon 'ya'yan itace a Amman, ta ce masa akwai cikin mota guda. Ya ce yana tafe ranar Alhamis.

Ranar Laraba Abu Hammam ya dawo, don ya zaga ƙauyen bai samu mai sayar masa ba. Wannan karon ya sauko daga mota. Ta kai shi ƙasa ta buɗe ƙofa, sanyi ya buge shi a fuska. Akwatu jere har rufi. Ya ɗauki ɓaure ɗaya ya ɓare, ya ci.

"Na yaushe ne wannan?"

"Wanda ka bar wa awaki ne."

Ya ƙara farashi. Ta girgiza kai. Ya sake ƙarawa, yana rantsuwa da 'ya'yansa cewa faɗuwa zai yi. Abu Nidal, da ke tsaye a kan matakala da carbi a hannu, ya yi gyaran murya.

"Ka yi sauri, ɗan'uwa. Na Amman gobe zai zo, matar nan kuwa ba ta jin lallashi. Ni shaida ne."

A ninki biyu na farashinsa na farko aka tsaya. Ta sayar masa da rabi, ta ajiye wa na Amman rabi, matan suna tsakar gida suna jin komai. Ummu Fawwaz ta kasa haƙuri ta rangaɗa guɗa.

Da aka gama lodi, Abu Hammam ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce yana da inabi akwati talatin a mota, kasuwa kuma ta cika, ko za a taimaka masa da wuri na kwana biyu.

Ummu Nidal ta leƙa ɗakin, ta auna wurin da ido.

"Akwai lungu can ciki. Amma ka jira Ummu Fawwaz ta gama shigar da nata, ta riga ka zuwa."