Na'urar da Ba Ta da Kunya

Ban taɓa zama taro mai ban haushi irin na ranar nan ba. Mushe Aliyu, patoronmu, wato shugaban kamfaninmu, ya tara mu a biro, ofishinmu da ke Yamai, mu masu rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni, abin da muke ce wa kod. Ya kunna allon bango ya ce mu kalla. Ya yi wa ƙirƙirarriyar basirar da kamfani ya ɗauko magana kamar mai aiken ƙanwarsa, kuma kafin shayinsa ya huce ta zubo aikin da ni Safi na yi wata ina fama da shi. Na duba aikin nan, wallahi da mugun nufi na duba, ban samu kuskure ba.

"Ba korar kowa zan yi ba," in ji shi. Duk wanda ya fara da haka ka san akwai kora a bayanta. "Amma daga nan zuwa kaka, kowa ya nuna mini abin da yake yi wanda wannan ba ta iya ba. Wanda bai nuna ba sai haƙuri."

Da aka zo rabon aiki, ni aka jefa wa wanda kowa ya ƙi. Akwai wata kwangila da muka samu a ƙasar Kurfey: na'urar za ta riƙa kiran mata ta salula, da Hausa, ta yi musu rajista, daga baya ta tuna musu ranar allurar rigakafin yara. Tun da aka fara abin bai tafi ba. Mata na ɗauka, su saurara kaɗan, su kashe. Masu kwangila sun fara tsaki.

"Ai garinku ne," in ji Mushe Aliyu. "Je ki gani. In kwangilar ta miƙe kin miƙe."

Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba. Na shiga taksin Filingue, garinmu a ƙasar Kurfey, raina a ɓace, amma ban ji tsoro ba. Ni ce ta farko a ajinmu tun daga lakwal ta firamare har jami'a, ba wata na'ura da za ta mayar da ni gida in zauna ina tsintar wake.

Kwanakin farko ɓata su na yi. Na baje ordinatar a zauren gidanmu, kusa da kasuwa, na bi kod ɗin nan layi-layi. Na zargi rezo, wato layin salula, na hau tudu na sauka, rezo lafiya lau. Na zargi muryar, na ce ko Hausar Kano take yi musu suna jin ta baƙuwa, na sa ta koma irin tamu, tana "lahiya" tana "mi kike so". A banza. Har ita na'urar na tambaya ina matsalar take, ta ba ni amsa mai tsawo da ladabi, wai wataƙila matan ba su saba da fasaha ba ne. Matan da ke cinikin awaki ta salula tun kafin a haife ta! Na rufe ordinatar don kada in jefa ta rijiya.

Ranar rigakafi na bi Husaina, ungozomar wani ƙauye arewa da gari, wadda muka yi firamare tare. Mata sun cika rumfar asibitin, kowa da goyo. Na zaɓi wata mai faɗin baki da na ji ana kira Tanne, don tun isowarmu take ba mutane dariya. Na ce mata, "Baba, don Allah za a kira salularki, ki amsa a gabana, ki buɗe murya kowa ya ji."

"To ɗiyata, in dai ba bashi za a tambaye ni ba."

Na'urar ta yi sallama, ta gaishe ta da gida da yara da gajiya, Tanne tana amsawa tana gyaɗa kai, har ta ce da ta kusa da ita, "Ke, wagga ta san gaisuwa." Ni kuwa ina ta murna a zuci. Sai na'urar ta ce, "Yanzu ki faɗa mini sunan mijinki."

Tanne ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Can wata a rumfar ta tuntsire da dariya. Na'urar ta jira, da ta ji shiru ta maimaita, a hankali kuma, kamar mai magana da kurma. Da ba ta samu amsa ba ta wuce gaba: "Ki faɗi sunayen yaranki, ki fara da na fari."

Tanne ta kashe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya raini wagga abu? Ba ta da uwa? Ni in kama sunan maigida da na ɗan fari da bakina, cikin mutane?"

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, haushi kuma ya biyo baya. Ni ɗiyar fari ce. Na girma Inna tana ce mini "ke wannan", in baƙo ya tambayi sunana ta waiga ta nemi wanda zai faɗa. Tambayoyin nan kuwa daga takardun Faransanci aka kwaso su, na'urar ta juya su Hausa mai kyau, mu duka a biro muka karanta muka ce ta yi. Ba kod ne ya lalace ba, rashin ta-ido ne.

Ina cikin haka wata siririyar mata da ke gefen Tanne ta ce, "Maigidan nata Baushe aka ce mishi. Ɗan kuma Alhassan." Tanne ta kai mata duka da wasa, aka sake dariya. Na dubi rumfar da kyau. Babu macen da ta zo ita kaɗai, kowa da ƙawarta ko matar wan mijinta, kuma kowa ta san wa za ta faɗa wa suna.

A nan ƙarƙashin itacen bedi na buɗe ordinatar. Na gaya wa na'urar yadda za ta yi: kada ta sake tambayar mace sunan miji ko na ɗan fari. Ta ce, "Akwai wata kusa da ke? Miƙa mata." In an faɗa, a mayar wa mai salula, na'urar ta ambaci sunan da kanta, ita dai matar ta ce "shi ne" ko "ba shi ba ne". In babu kowa kusa, ta yi sallama ta sake kira da la'asar, lokacin da mata ke haɗuwa wurin daka. Kafin Husaina ta gama yi wa jarirai biyu allura ta gyara komai. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Da hannuna da sai na yi mako.

Da na kira Mushe Aliyu ya ƙi.

"Safi, masu kwangila sun ce uwa da kanta za ta ba da bayani. Ba za mu karɓi magana daga bakin maƙwabciya ba."

"Uwa ce ke tabbatarwa, Mushe. Kai matarka tana kiran sunanka?"

"Tana kira mana."

"To mahaifiyarka fa, ka taɓa jin ta kira na Baba?"

Ban jira amsarsa ba. Na ce, "Ka zo ka gani da idonka. In bai yi ba, ba sai ka kore ni ba, ni zan ajiye."

Ya zo ranar kasuwa, lokacin da matan ƙauyuka ke shigowa gari da kaji da gero. Husaina ta tara mana su a inuwar wani shago. Ya tsaya gefe da hannu cikin aljihu, fuskar nan kamar an aiko shi karɓar haraji. Aka kira Tanne. Da na'urar ta ce ta miƙa wa ta kusa, Tanne ta ce, "Yauwa, yanzu ta yi hankali," ta miƙa wa siririyar nan. Aka faɗi suna, aka mayar mata.

"Maigidan Baushe ne?" in ji na'urar.

Tanne ta kawar da kai gefe, tana murmushi. "Shi ne."

Daga nan sai rububi. Wannan ta faɗa wa waccan, waccan ta faɗa wa wannan, har da masu ƙara wa mijin ƙawa kirarin da ba a tambaye su ba. Babu wadda ta kashe. Wata tsohuwa ma da ba ta da jariri ta dage sai an kira ta.

Mushe Aliyu ya ja ni gefe. "Layi nawa kika rubuta?"

"Ko ɗaya. Ita ta rubuta. Ni na gaya mata abin da ba a tambaya."

Ya daɗe yana kallon matan. "Kin tsira da aikinki," ya ce. "Amma ba a biro ba. Kujerar can ba ta bukatar mutum yanzu. Masu kwangila suna son a kai abin har garin Abala, can kuwa akwai Zabarmawa da Buzaye da Fulani, kowa da abin da ba a tambayarsa. Ke za ki riƙa shiga gaba, ita ta biyo ki."

"Da ma abin da zan ce maka ke nan."

"Kin dai gane ba za ki sake rubuta kod ba?"

Wannan ta soke ni. Ina son aikin nan. Ina son yadda nake zama da abu ya ƙi, ya ƙi, can ya buɗe a hannuna. Shekarun da na yi ina koyonsa, da wutar kuran da babu kuran, ba wanda zai mayar mini da su. Na ji hawaye na tahowa, na haɗiye abina, don ba zan yi kuka gaban patoro a tsakiyar kasuwar garinmu ba.

"Na gane," na ce. "Sai dai ka sani, albashina ba zai ragu ba."

Ya yi dariya ya ce ba zai ragu ba. Na saɓa jakata na nufi tasha in tambayi ranar da motar Abala ke tashi.