Abin da Ya Faɗa a Bakin Taga

"A hankali, gilashi ne! Kai, ɗaga ta can!"

Bhargavi na tsaye a ƙofar gidan maƙwabcinta da kwanon kunun shinkafa a hannu, sa'ad da samarin jam'iyya suka sauko da akwatin daga mota. Irin akwatin nan ne mai sanyi da ake kwantar da gawar manya a ciki, jama'a su zo ban kwana. Bayansu Sugathan, sakataren jam'iyya na gunduma, ya shigo rungume da jar tuta a naɗe, ya riga ya ɗaure fuska irin ta makoki.

"Chechi, yayarmu, sai haƙuri. Babban bango ya faɗi."

"Wane bango? Yanzu na gama goge masa baki."

Sugathan ya yi sororo. "Talabijin ce ta faɗa. Tun da hantsi suke sa hotonsa."

"To je ka tambayi talabijin ko ita za ta shanye masa kunun."

Ya juya ya dubi layin. Motoci cike da matan masana'antun yazawa sun fara tsayawa a bakin titi, ana ta sauko da furanni. Ya sosa ƙeya, ya rage murya.

"Mayar da wannan taro ba wasa ba ne. Likita dai ya ce ko yau ko gobe. Ku jingine akwatin a inuwa, yara."

Wanda ake jira ya mutu ɗin shi ne Nanukuttan. A yankin Kollam kowa na kiransa Sakhavu, abokin gwagwarmaya. Ya fara ne da ɗaukar buhun yazawa, ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago, daga nan ya shiga majalisar dokokin jiha, inda ya daɗe yana jagorantar 'yan adawa. Mulki bai taɓa zuwa hannunsa ba, kuma bai taɓa canja gida ba. Matarsa ta rasu, ɗansa na Dubai. Tun da ciwo ya kwantar da shi, Bhargavi ce ke shigo masa da abinci. Mutane na yabon kirkinta. Ita kuwa ta san ba kirki ba ne. Jira take.

A zamanin babban yajin aikin masu fasa yazawa, mijinta Raghavan ya yi haƙuri har damina ta kusa fita. Da 'yarsu ta fara kumburin yunwa, ya ɗauki kwanonsa ya koma aiki. Nanukuttan ya hau kan ganga a ƙofar masana'anta, ya kira shi maci amana. Daga ranar mai shayi ya daina ba shi kofi, wanzami ya daina taɓa kansa. An ci nasarar yajin, aka ƙara lada, aka yi ta kiɗa, amma sunan bai goge ba. Wata safiya masunta suka tsamo gawar Raghavan daga tafki. Ƙungiya ta hana kowa zuwa jana'izar. 'Yan haya ne suka ɗauki gawar, su ma suna rufe fuska.

Ta shiga ɗakin. Nanukuttan na kwance kamar tsumman da aka matse, idanunsa ne kaɗai masu rai. A waje an kunna lasifika, wani yana jan baki jama'a na amsawa: "Bai mutu ba! Bai mutu ba! Yana raye a jininmu!"

"Bhargavi," in ji shi, muryarsa na karce maƙogwaro, "yau ne karo na farko da na ji an faɗi gaskiya a taronmu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon a kan tarin jaridu.

"Sakhavu, ga mutanenka sun zo da ƙafarsu. Ka faɗa musu."

"In faɗa musu me?"

"Kada ka raina min hankali. Ka tsufa, na tsufa."

Ya lumshe ido. Ta yi zaton barci ya ɗauke shi, sai ta ji ya ce, "Da na bar mutum guda ya shiga ƙofar masana'antar nan, da gari ya waye kowa ya shiga. Dubi hannunki. Man yazawa ya cinye miki fata. 'Yan matan yanzu da safar hannu suke aiki, suna da hutun haihuwa. Daga sama ya faɗo?"

"Ban ce yajin kuskure ba ne. Ni ma na zauna a rana na ɗaga tuta."

"To me kike so?"

"Yajin ya ƙare. Kun ci. Mutum ya mutu. Wa zai karya maka yaji daga kan makara?"

Wannan tambaya ce da ba a taɓa yi masa ba a majalisa, inda ya saba da amsa tun kafin mai tambaya ya zauna. Akwai abin da mutum ke yi don jama'a, akwai wanda yake yi don ya riga ya fara kuma kunya ta hana shi tsayawa. Daga nesa kamarsu ɗaya. Mai shi ne kaɗai ya san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma.

"'Yar taku," ya ce can, "ta rayu?"

"Tana koyarwa a Punalur. Har yau ba ta sa sunan ubanta a bayan nata."

Ya juya kansa wajen taga.

"Ɗaga ni."

Ta sa hannu ƙarƙashin hammatarsa. Bai fi ƙullin wanki nauyi ba. Ta ja shi zuwa taga, ta jingina shi da ƙirjinta, ta tura murfin katakon da gwiwar hannu.

Wata tsohuwa ce ta fara ganinsa, ta ƙwalla ƙara ta yar da furanninta. Farfajiyar ta yi tsit na ɗan ƙiftawar ido. Ya ɗaga hannu don a saurara, amma yatsunsa sun daɗe da ƙagewa, ba sa miƙewa. Abin da jama'a suka gani dunƙulallen hannu ne a sama, gaisuwar da ya yi musu tsawon rayuwarsa. Wurin ya kece da sowa. Mai lasifika ya ƙara murya har tagar na rawa.

"Ku yi shiru!" Bhargavi ta yi ihu. "Magana zai yi! Ku yi shiru mana, 'yan banza!"

Ko na kusa da ita bai ji ba. Leɓunan Nanukuttan na motsi, ta kai kunnenta.

"Raghavan ba maci amana ba ne," in ji shi. "Uba ne. Ya kamata mu ɗauke shi."

Ya maimaita, wannan karon iska ce kawai ta fito. Mata na kuka, samari na tsalle, mai kyamara ya hau katanga. Ta ji nauyinsa ya sauya a hannunta, kansa ya gangaro kan kafaɗarta. A waje ba su daina ba.

Sugathan ya faɗo ɗakin yana haki, ɗan jarida a bayansa.

"Chechi, na ga bakinsa na motsi. Me ya ce? Kalmarsa ta ƙarshe ce, ta tarihi ce."

Ta faɗa masa yadda ta ji, ba ragi ba ƙari.

"Wane ne Raghavan?" ɗan jaridan ya tambaya.

Sugathan ya san ko wane ne. Ubansa na cikin waɗanda suka rufe ƙofa ranar da aka wuce da gawar. Ya dubi gadon, ya dube ta, ya dafa kafaɗar ɗan jaridan ya juya da shi.

"Tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi. Cewa ya yi kada ma'aikata su yarda a raba kansu."

Aka shigo da akwatin. Aka warware tutar.

Ba ta bi jerin gwanon ba. Da la'asar layin ya koma wayam, sai furannin da aka tattake a cikin taɓo. Ta zagaya bayan gidanta, gefen kudu, inda aka ƙone gawar Raghavan aka dasa kwakwa a gurbin kamar yadda ake yi. Bishiyar ta fi rufin gida tsawo yanzu. Ta tsaya a gindinta, ta gyara mayafi, ta waiga ko akwai mai kallo.

"Ya faɗa," ta ce. "Da kunnena na ji."

Ta ɗan jira. Sannan ta sunkuya ta ɗauki wani busasshen reshe da ya faɗo, ta ja shi zuwa murhu.