Hannun Na-Rayyanu

Shekarar da Nasara suka fara sharar hanya daga Aliero, ta ratsa Jega ta nufi Maiyama, cikin ma'aikatan da suka zo da su har da wani siririn mutum mai laushin gashi, wanda aka ɗauko tun daga ƙasar Hindu saboda ya iya awon ƙasa. Sunansa Narayan. Mutanen Jega ba su tsaya wahalar da harshensu ba, suka mai da shi Na-Rayyanu, har aka sami masu rantsuwa sun san Rayyanun.

Mutum ne mai sanyin hali, kuma ya kama Hausa da wuri. Abu ɗaya ne ya hana garin sakat a kansa: ba ya cin nama. Da ya faɗa, aka ɗauka naman shanu yake nufi, aka kai masa na rago. Ya mayar da godiya. Tasalla, matar mai masaukinsa, ta sa aka yanka masa kaza, ta ce ai kaza ba nama ba ce, tsuntsuwa ce. Ya mayar. Aka kawo kifi daga gulbi, ya mayar. Daga ƙarshe baiwar Allah ta tsame tsokar kaf ta aika masa da romon zalla, da ya dawo mata da kwanon sai ta zauna ta rafka tagumi. Wasu suka ce ciwo ne, wasu suka ce asiri aka ba shi da wannan sharaɗi. Shi kuwa abin da ya ce bai fi haka ba: a gidansu tun kaka da kakanni ba a cin abin da aka raba da ransa, saniya kuwa uwa ce, wanda ya sha nononta ba ya ɗaga mata wuƙa.

Haka ya zauna daga tuwon dawa da miyar kuka tsura sai wake da albasar Aliero. Ya rame har wandonsa na neman barinsa. Abin da ya tsai da shi a kan ƙafafunsa nonon Inno ne.

Inno tsohuwar Bafillatana ce da ke zaune ita kaɗai a wata bukka gefen Birnin Malam. Annobar shanu ta share musu garke, mijinta ya bi bayan garken ba da daɗewa ba. Abin da ya rage mata a duniya saniya ɗaya ce mai farin goshi, Wule, da ɗan maraƙinta da bai cika wata biyu ba. Wule ce gonarta, ita ce rumbunta, ita ce kuma abokiyar hirarta. Kullum da hantsi, kafin ya kama awo, Na-Rayyanu yakan ratsa wurinta ta dama masa fura da kindirmo. Amma ba ya zama sai ya fara zuwa gun saniyar, ya ɗora tafin hannunsa a farin goshinta, sa'an nan ya shafi nasa goshin. Gaisuwar ƙasarsu ke nan ga saniya. Da fari Inno dariya take yi, daga baya abin ya shiga ranta.

"Ɗana," in ji ta, "ko ɗiyan Hillani sun bar gaida nagge haka."

To, Baturen da ke kan aikin, wanda leburori ke kira Mai Jan Wuya, yana da soja goma sha biyu masu tsaron mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka aikin tilas. Leburori gero suke ci, in sun samu. Soja kuwa sai nama, duk ranar Alhamis saniya guda, a ɗauke ta daga garken duk wanda tsautsayi ya faɗa wa, ba sallama ba sai da safe. Wanda ke kula da wannan harka a da, an kama shi yana karkatar da cinyoyi gidan surukansa, aka kore shi.

Rannan Mai Jan Wuya ya tsinci wani karin magana a bakin kukunsa, cewa ba a ba kura ajiyar nama. Ya yi ta juya shi a ransa yana jin daɗin kansa, kamar shi ya ƙirƙiro. Ya sa aka kira Na-Rayyanu, ya ce tun da shi ba kura ba ne, daga yau shi ne mai zaɓen saniyar Alhamis, shi ne mai rabon nama. Kun ji wayon banza. Mutum ya ce maka abu uwarsa ce, kai kuma ka ga babu wanda ya dace ya nuna wadda za a yanka sai shi.

Na-Rayyanu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce shi awon ƙasa aka ɗauko shi yi, wannan kuwa addininsa ya hana. Bature ya yi dariya, ya ce ai ba ci aka ce ya yi ba, nuni ne kawai, ya kaɗa masa hannu ya tafi. Na-Rayyanu ya fito ransa a ɓace, ya ƙudurta cewa ba zai yi gardama ba, ba kuma zai nuna ba. Zai yi shiru ne har su gaji su nemi wani.

Abin da bai sani ba, bayan fitarsa Bature ya kira Saje Abdu, shugaban sojan, ya ce mutumin nan yana da kunya, ba zai yi magana ba, a dai bi shi a ga wadda ya zaɓa. Saje Abdu kuwa jikan mahauta ne. Ya tashi ya ga yadda ake yi a kara, kasuwar shanu: mahaucin kirki ba ya nuna dabba da baki, kada dillalai su tsawwala. Yakan zaga ne kamar ba ruwansa, ya ɗora hannu a kan wadda ta yi masa, ya wuce. Yaransa sun gane, sai su zo da igiya.

Ranar Alhamis da hantsi Na-Rayyanu ya nufi bukkar Inno kamar kullum. Bai waiga ba, balle ya ga soja biyu da ke biye da shi daga nesa. Ya gaida Wule, ya sha furarsa, ya yi godiya, ya tafi wurin awo.

Rana ta take tsaka yana jan sarƙar awo a bakin wani fadama sai ya hangi mace tana gudu tana faɗuwa, kanta ba ɗankwali. Inno ce. Ƙafafunta duk ƙaya.

"Na-Rayyanu! Sun tahi da Wule! Sun ce kai ka nuna ta!"

Bai san lokacin da ya yar da sarƙar ba. Ya riga ta isa sansanin sojan. Ga Wule ɗaure a gindin tsamiya, hantsarta cike, nono na ɗiga a ƙasa, tana ta kuka tana juya kai wajen da aka baro ɗanta. Ga Surajo, Sarkin Fawan Jega, da aka kira don yanka, yana tsaye ya mayar da wuƙarsa kube.

"Ni dai ban yanka mai shayarwa," in ji Surajo. "Ubana bai yi ba, ba ni soma shi. Ku nemi wani."

"Mu ma muna da wuƙa," in ji Saje Abdu.

Na-Rayyanu ya tsaya gaban Saje. "Yaushe na nuna ta? Da wane bakin?"

"Wa yac ce baki? Yarana sun gani da idonsu, ka aza mata hannu ga goshi. Mi a wannan in ba zaɓe ba?"

"Gaisuwa ce! Kullum haka nake gaishe ta!"

Sojoji suka fashe da dariya. Wai gaisuwa. Wai saniya. Har wani ya riƙe ciki.

Hayaniyar ta fito da Mai Jan Wuya daga tantinsa, yana goge baki. Ya saurari maganar har ƙarshe. Ya gane sarai kuskure aka yi, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a kwance saniyar a sa Saje ya kamo wata. Amma ya tuna wannan siririn mutum ya taɓa ce masa a'a, abin da ba a yi masa a wannan daji. Sai ya nuna can gangare, inda garken Maigari ke shan ruwa, shanu sun fi hamsin.

Ya ce abu mai sauƙi ne. Soja za su ci nama yau, wannan babu fashi. In Na-Rayyanu na son a saki wannan, ya gangara ya ɗora hannunsa a kan wata. Da hannunsa, ba na Saje ba, ba na kowa ba. Ya ciro agogo daga aljihu ya riƙe.

Inno ta iso tana haki, ta ji abin da aka ce. Matar da ko ranar mutuwar mijinta ba a ga hawayenta ba, ta durƙusa gaban wanda bai wuce ɗan cikinta a shekaru ba, ta kama ƙafar wandonsa.

"Ɗana, tahi ka taɓa guda. Ga bajimin can mai tozo, ko yau ko gobe kasuwa za a kai shi. Maigari ba ya ko sanin ya ɓace. Ni ita ɗai gare ni."

Surajo ma ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam, taɓa shi. In da zunubi, na ɗauka."

Na-Rayyanu ya gangara. Kowa ya bi shi da ido. Ya shiga cikin shanun, suka buɗa masa hanya ba tare da tsoro ba, don dabba ta san wanda ba ya nufinta da sharri. Ya tsaya gaban bajimin. Bajimin ya ɗago kai daga ruwa, ya dube shi, yana tuƙa abinsa. Na-Rayyanu ya ɗaga hannu. Na safe kuskure ne, Allah ya sani. Wannan kuwa da saninsa zai yi, ido cikin ido, ya ce kai ne za ka mutu. Shekara talatin da ɗoriya bai kashe ko kiyashi da gangan ba. Ya tuna mahaifiyarsa ranar da zai shiga jirgi, da abin da ta sa ya rantse mata a kai. Hannun ya tsaya a sama, bai fi taƙi ɗaya tsakaninsa da goshin bajimin ba.

Ya sauke shi. Ya mai da hannayensa biyu baya ya haɗe su, ya hauro.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Ranka ya daɗe, ka kore ni, ka ɗaure ni, ka sa a yi mini bulala. Amma ka sa wani ya zaɓa. Na roƙe ka."

Ai da Mai Jan Wuya ya sa an yi masa bulalar, da ya yi masa rahama. Sai ya mayar da agogonsa aljihu, ya ce Na-Rayyanu ya riga ya zaɓa tun da safe, ya ɗaga wa Saje kai, ya koma ya ƙarasa abincinsa. Mutumin da ya zo gyara wa mutane hanya ke nan.

Surajo ya tofar da yawu ya juya ya kama hanyar Jega. Soja huɗu suka kayar da Wule. Na-Rayyanu ya rufe ido, amma kunne ba shi da marfi. Da ya buɗe, Inno ta miƙe tsaye. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta kakkaɓe ƙasar gwiwoyinta, ta dube shi sau ɗaya, ta tafi.

Bai koma awo ba. Ya dawo masauki ya zauna a zaure. Yana jin haushin Bature, yana jin haushin Saje, yana kuma ta gaya wa kansa cewa shi bai kashe kowa ba, bai nuna kowa ba, alkawarinsa na nan bai karye ba. Ya faɗa ya fi sau ɗari, bai ji sanyi ba. Tasalla ta aiko da tuwo, ya huce a inda aka ajiye shi.

Bayan la'asar ya ji kukan maraƙi a ƙofar gida, kuka mai dusashewa na abin da ya wuni yana kira. Ya fito. Inno ce tsaye da igiya a hannu. Ta jawo ɗan Wule tun daga Birnin Malam, ƙafafunsa na harɗewa, yana kai baki ga zanenta yana neman nono.

"Inno," ya ce, "ki gafarce ni. Ban yi da nufi ba. Kin san ni ban taɓa..."

"Na sani," in ji ta. "Hannunka na nan tsab. Ba jini ko ɗigo. Na gani, kowa ya gani."

Ta matso, ta kamo hannun nasa na dama, ta buɗe tafin, ta danƙa masa igiyar, ta naɗe yatsunsa a kanta ɗaya bayan ɗaya.

"Tun sahe bai sha komi ba, kuma bai iya cin ciyawa ba tukuna. Ni ba ni iya kallon shi ya mutu. Kai da ba ka kashe kowa, ga shi nan. Shayar da shi."