Hannun Hagu na Napari

Ni na ɗaura wa Napari agogon nan da hannuna, shi ya sa har yau ba na son ganin irinsa a hannun kowa.

Wasu masu bincike ne suka zo kasuwarmu a Kumasi, wai za su auna wace ƙabila ce ta fi motsa jiki, su gano abin da ke kawo hawan jini. Suka ɗebi Asante, suka ɗebi Ewe da Farafara, suka ɗebi mu Dagomba. Ni aka ɗauka tafinta, don ina jin yaren kowa. Agogon ba ya nuna wa mai shi lokaci, taku yake ƙirgawa. An ce a ɗaura shi a hannun da mutum ba ya aiki da shi, sai kowa ya miƙo hagu.

Napari 'yar dako ce, shekara goma sha tara tana ɗaukar doya a daro daga tasha zuwa rumfuna. 'Yar garinmu ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Watannin nan ƙafafunta sun kumbura, in ta hau matakala sai ta tsaya tana haki. An ce duk wadda aka ga aiki ya yi mata yawa za a ba ta gado a asibiti, ta huta, a duba mata zuciya. Gadon nan ne ya kawo ta.

Ta ce, "Ƙanwata, wannan ɗan abin zai gaya musu irin wahalar da nake sha?"

Na ce, "Zai gaya musu, Yaya. Inji ba ya ƙarya."

Ni da bakina na faɗa.

Bayan mako biyu aka tara mu a rumfar binciken. Likita Ofosu, shugabansu, ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya yarda da allon na'urarsa fiye da idonsa. Ya ce Napari taku ɗari tara take yi a wuni. Maame Adwubi mai atamfa, wadda ke wuni a kan kujera tana ciniki tana yarfa hannu, ita dubu goma sha ɗaya. Dagomba ne na ƙarshe a jeri.

Adwubi ta ce, "Ashe ku 'yan arewa barci kuke zuwa yi a ƙarƙashin gada?" Aka kwashe da dariya.

Ni ban yi ba, don na gane. 'Yar dako da hannun dama take gaisawa, da shi take buɗe hanya cikin mutane. Hagu kuwa tana sama, riƙe da bakin daro, ƙyam tun safe har la'asar. Agogo ya ga hannu ba ya lilo, ya ɗauka mutum zaune yake.

Na ce, "Likita, hannun nan a kan kaya yake wuni fa."

Ya ce, "An gwada agogon nan a kan dubban mutane a ƙasashen waje. Ke dai ki fassara."

Na fassara. Haushin kaina nake ji har gobe, amma na fassara: babu gado, ta riƙa tafiyar awa ɗaya kullum bayan aiki, ta ci gaba da ɗaura agogon, ta dawo bayan wata guda.

Napari ta dubi ƙafafunta, ta dube ni. "Ni ce ba na motsi?" Ta gyara gammonta ta fita.

Daga ranar, da ta ajiye daro sai ta kama zagaya kasuwa tana wurga hannuwa. 'Yan dako suna yi mata tsiya: "Soja, yaushe ne faretin?" Na tare ta wajen masu kifi, leɓenta ya yi fari.

"Yaya, don Allah ki bari. Agogon ne bai gane ba."

"Ke kika ce ba ya ƙarya," in ji ta. "In na yi abin da suka ce, suka ga ban warke ba, ai dole su ba ni gadon."

Ta wuce ni ta ci gaba da zagayenta.

Ranar Talata, kwana na ashirin da uku da fara zagayen, ta faɗi a layin masu tumatir. Mota ba ta shiga lungun, sai muka ɗora ta a kurar dako, mu huɗu muna turawa a guje, muna neman titi. Hannunta na hagu ya zamo gefe yana reto, ba wadda ta sami sararin mayar da shi. Kafin mu kai bakin titi rai ya yi halinsa. Ni na cire agogon kafin a yi mata wanka.

Bayan kwana uku na kai shi rumfar. Labarin rasuwarta bai kai can ba tukuna. Likita Ofosu ya jona shi a na'ura, sai na ga fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Kin ga wadda ta ji magana. Dubi Talata, biyar da kwata na yamma, minti ashirin tana gudu ba tsayawa. Duk cikin Dagomba babu wadda ta kai ta. Kira min ita, yanzu kam za mu duba zuciyar."

Na dubi layin takunta a allo, ya hau sama ya tsaya cak.

Na ce, "Likita, ba ita take gudu ba. Mu ne muke gudu da ita."