Gida Guda, Waya Guda

Ƙin tambaya ciwo ne, shi ya kayar da Abdulmumin ɗan ƙanwata.

Ƙungiyar manoma ta ba shi aikin saita kwamfuta, ta riƙa haɗa sunayen manoman Gaya da na Ajingi da kanta kowace safiya, saboda rabon taki. Ya umarce ta, in lambar waya ta fito sau biyu, ta bar sunan farko ta goge sauran.

Na ce, "Abdulmumin, tambayi mutane tukuna. A garinmu Kademi gida guda waya guda ce."

Ya ce, "Kawu, wannan ba aikin fartanya ba ne."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ranar rabo ya duba takarda sama da ƙasa, babu sunansa. Ashe da lambarsa ya rubuta kakarsa Barira, kuma ita ce a gaba. Tsohuwar ta karɓi nata, ta ce, "Maigidan, injin naka ya san manya."

Ya rasa taki buhu biyu, ya rasa aikin, ya kwana uku kan babur yana ba gidaje arba'in da aka goge wa sunaye haƙuri.